Filin Tambaya da Amsa: Ilimin Kiɗa ga Sabon Mai Koyon Jita

Wasiƙun da suka shigo mana a wannan karon kusan duka sun haɗu a kan abu guda. Masu su sun iya kama kod (sautuka da dama da ake bugawa tare) uku ko huɗu a jita, suna iya raka waƙa ɗaya ko biyu, amma sun ji ana maganar ilimin kiɗa kuma ba su san ta inda za su kama shi ba. Mun tsamo wasu mun taƙaita su. Kafin a ci gaba da karatu a ɗauko jitar a ɗora a cinya, domin duk abin da ke ƙasa na gwadawa ne da yatsa da kunne.

Tambaya: Barkanku da aiki. Na ɗan jima ina koyon jita ta bidiyo, na iya G, C, D da Em. Abokina ya ce koyon ilimin kiɗa ɓata lokaci ne tunda hannu ke kiɗa. Gaskiya ne? In ba haka ba, daga ina zan fara?
Daga wani ɗalibi

Amsa: Ɗan'uwa, hannu ke kiɗa, wannan gaskiya ne, amma hannun da bai san sunan abin da yake taɓawa ba kullum sai ya jira wani ya nuna masa. A matakinka ilimin kiɗa bai wuce sanin sunayen sauti da iya ƙirga tazarar da ke tsakaninsu ba, kuma jita ta sauƙaƙa wannan sosai, saboda tazarar a zane take a wuyanta.

Fara da tsirkiyoyin. Mafi siririya ita ce ta 1, mafi kauri ta 6. Daga mai kaurin zuwa siririyar, sautinsu a sake, wato ba tare da an danna komai ba, shi ne E, A, D, G, B, E. Wannan ka haddace shi yau. Sai gaɓoɓin wuyan jitar, waɗanda 'yan ƙarafa suka raba, makaɗa na ce musu furet. Duk gaɓa ɗaya da ka matsa zuwa wajen cikin jitar, sauti ya hau rabin taki. Gaɓa biyu taki guda ke nan. Sautukan gaba ɗaya 12 ne, daga nan sai su maimaitu da murya ta sama. Bakwai suna da haruffa, A zuwa G, sauran biyar kuma suna zaune a tsakani suna aron suna daga maƙwabta. Wanda ke tsakanin F da G, alal misali, ana ce masa F shaf a rubuta F#, ko G filat a rubuta Gb. Wuri ɗaya ne, suna biyu.

Ga inda kusan kowa ke tuntuɓe: babu wani sauti tsakanin E da F, haka ma tsakanin B da C. Gaɓa ɗaya ce kawai ta raba su. Wanda ya manta da wannan, lissafinsa zai goce tun daga farkon tsirkiya ta 6, duk sunan da ya sa daga nan kuskure ne. Bi ta a hankali kana faɗa da baki: a sake E, gaɓa ta 1 F, ta 3 G, ta 5 A, ta 7 B, ta 8 C, ta 10 D, a ta 12 E ya dawo. Ƙarfen gaɓa ta 12 yana tsakiyar tsirkiya. A jita mai tsirkiyar nailan da tsawon tsirkiyarta ya kai milimita 650, za ka same shi wajen milimita 325. Rabin tsayi kuwa yana ninka saurin karkarwa. Tsirkiya ta 5 a sake tana karkarwa sau 110 a sakan, a gaɓa ta 12 sau 220, shi ya sa kunne ke jin su sauti ɗaya, na ƙasa da na sama. Wannan tazarar ita ake kira oktaf.

Kada ka ɗora wa kanka haddace wuyan duka lokaci guda. Ka riƙe ta 6, ka ƙara ta 5: a sake A, ta 2 B, ta 3 C, ta 5 D, ta 7 E, ta 8 F, ta 10 G. Ta 1 kyauta ce, sunayenta ɗaya da na ta 6. Sauran kuma akwai dabara: daga ta 6 ko ta 5, tsallake tsirkiya ɗaya ka matsa gaba gaɓa biyu, za ka sami sautin nan a oktaf na sama. G na gaɓa ta 3 a tsirkiya ta 6 shi ne a gaɓa ta 5 a tsirkiya ta 4.

Tambaya: Littafin da nake koyo da shi na Faransanci ne, yana cewa do, re, mi. Bidiyon da nake kallo kuma C, D, E suke cewa. Tsari biyu ne daban?
Daga wata mai karatu

Amsa: 'Yar'uwa, sautukan ɗaya ne. A littattafan Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci do shi ne C, re D, mi E, fa F, sol G, la A, si kuma B. Asalin waɗannan sunaye yana komawa ga Guido na Arezzo, wani malamin coci a Italiya a ƙarni na 11, wanda ya tsara su don koyar da mawaƙa; na farkon a lokacinsa ut ne, daga baya aka mayar da shi do. Abin da za ki kula da shi ɗaya ne. Malaman rukunin mawaƙa da yawa suna amfani da do mai yawo, wato duk sautin da waƙa ta kafu a kansa shi ne do, ko G ne ko D. Idan wani ya ce miki “buga do”, ki fara tambayarsa wanne tsarin yake nufi.

Tambaya: Ina jin ana cewa wannan waƙar a G take, waccan a C. Me ake nufi? Kuma me ya kawo F# cikin G?
Daga wani mai sha'awar kiɗa

Amsa: Malam, kowace waƙa tana da sautin da take komawa ta huta a kansa, shi ne gidanta. In an ce waƙa a G take, ana nufin G ne gidan, kuma yawancin sautukanta an ɗebo su ne daga wani jeri na sautuka bakwai da ya faro daga G. Jerin nan shi ake kira sikel, mu ce masa tsani, tunda hawa ake yi mataki-mataki.

Tsanin mejo yana da ma'auni guda wanda ba ya canzawa. In aka ƙirga da gaɓoɓi: 2, 2, 1, 2, 2, 2, 1. Ka gwada a tsirkiya ta 3, wadda a sake G ce. Buga ta a sake, sannan gaɓa ta 2, ta 4, ta 5, ta 7, ta 9, ta 11, ta 12. Kunnenka zai gane shi nan take, do-re-mi ne da kowa ya sani. Yanzu sa musu suna: G, A, B, C, D, E, sai gaɓa ta 11. F tana gaɓa ta 10, ma'aunin kuwa ya ce a tsallaka gaɓa biyu daga E, don haka aka sauka a kan F#. Amsar tambayarka ke nan. Ka sake hawa tsanin ka danna ta 10 a maimakon ta 11, za ka ji matakin ƙarshe ya yi sanyi, ba ya jan kunne zuwa gida kamar yadda F# ke yi.

C ne kaɗai tsanin mejo da ba shi da shaf ko filat ko ɗaya, shi ya sa littattafai ke farawa da shi. A tsirkiya ta 2 yana gaɓoɓi na 1, 3, 5, 6, 8, 10, 12, 13. Muna ba da shawarar a fara koyon tsani a tsirkiya ɗaya tal kafin a koma siffofin da ke ratsa tsirkiyoyi shida. Siffa tana shiga yatsu da sauri amma tana ɓoye tazarar, sai mutum ya shekara yana hawa yana sauka bai san inda rabin takin yake ba.

Tambaya: Me ya bambanta E da Em, ko A da Am? Yatsa ɗaya ke canzawa amma sautin ya zama wani daban. Sannan me ya sa a hoton wasu kod ake sa alamar X a kan tsirkiya?
Daga wata ɗaliba

Amsa: Malama, wannan ita ce tambayar da muka fi jin daɗinta, domin kin riga kin gano abin da kanki, suna kawai ya rage. Kod na asali sautuka uku ne: na 1, na 3 da na 5 a tsani. Kod ɗin C shi ne C, E, G. Ko kin buga tsirkiya biyar, sautukan nan uku ne ke maimaituwa. Duba yatsunki a kan C: gaɓa ta 3 a tsirkiya ta 5 C ce, gaɓa ta 2 a ta 4 E, ta 3 a sake G, gaɓa ta 1 a ta 2 wani C, ta 1 a sake wani E.

Na tsakiyar shi ke riƙe da yanayin kod. Idan tazarar da ke tsakanin na 1 da na 3 gaɓa 4 ce, kod ɗin mejo ne, mai haske. Idan gaɓa 3 ce, maino ne, mai sanyi, wasu su ce mai baƙin ciki. Na 5 ba ya motsi, kullum gaɓa 7 yake daga tushe, wato na 1. E mejo shi ne E, G#, B. Manuniyarki da ke gaɓa ta 1 a tsirkiya ta 3 ita ke riƙe da G#. Da kin ɗaga ta sai tsirkiyar ta koma G a sake, kod ya zama Em. A wajen A, C# yana gaɓa ta 2 a tsirkiya ta 2, in ya ja baya zuwa gaɓa ta 1 ya zama C, kin sami Am. A wajen D, F# yana gaɓa ta 2 a tsirkiya ta 1, ki mayar da shi gaɓa ta 1 ki sami Dm. Ki zauna ki yi ta juya waɗannan ukun, mejo zuwa maino, ido a rufe, har kunnenki ya iya rarrabe su ba tare da kin duba ba. Minti biyar a rana ya isa, kuma babu darasin kunne da ya fi wannan amfani ga mai farawa.

Alamar X tana nufin kada a taɓa tsirkiyar. Kod ɗin D shi ne D, F#, A. Tsirkiya ta 6 a sake E ce, ba ta cikinsu, kuma da yake ita ce mai murya mafi kauri, in ta shiga sai ta dagula komai. Don haka a fara bugun D daga ta 4. A wajen C kuwa E yana cikin kod ɗin, amma an fi so tushe ya zama a ƙasan kowa, shi ya sa ake farawa daga ta 5.

Tambaya: Yaya ake sanin kod ɗin da suka dace da juna? Kuma akwai waƙar da nake bugawa da G, C, D, Em amma ta yi wa muryata sama, ina shaƙewa a amshi. Ya zan yi?
Daga wani mawaƙi mai tasowa

Amsa: Ɗan'uwa, tambayoyinka biyu amsarsu ɗaya ce: lambobi. Kowane mataki na tsani ana gina kod a kansa da sautukan tsanin kaɗai, a ɗauki ɗaya a tsallake ɗaya. A gidan G abin da ke fitowa shi ne G, Am, Bm, C, D, Em, da wani na bakwai da za ka iya ajiyewa a gefe tukuna. Tsarin ba ya canzawa a kowane gida na mejo: na 1, na 4 da na 5 mejo ne, na 2, na 3 da na 6 maino. Waƙarka ke nan tana kan 1, 4, 5 da 6, kuma waƙoƙi masu ɗimbin yawa ba su wuce waɗannan huɗun ba. Na 1 shi ne hutu, na 4 fita ne daga gida, na 5 shi ke matsa wa kunne lamba a koma. In kana son jin ƙarfin wannan matsin, buga D7 sannan G. D7 ya ƙara C a kan D, F#, A; da ka koma G sai F# ya hau rabin taki zuwa G, C ya sauko rabin taki zuwa B. Ƙananan motsin nan biyu su ke sa ka ji an iso.

Yanzu maganar murya. Nemo sauti mafi sama a amshin, ka ga gaɓa nawa ya wuce inda muryarka ke zama lafiya. A ce 3 ne. Sauko da gidan gaɓa 3, daga G zuwa E, lambobin su biyo ka: 1, 4, 5, 6 sun zama E, A, B, C#m. Biyun ƙarshe suna bukatar shimfiɗa manuniya a kan tsirkiyoyi da yawa, abin da ke ba sabon hannu wuya. Nan kafo ke shigowa, matsen nan da ake ɗaurawa a wuyan jita. Kowace gaɓa da aka sa shi yana ɗaga duk tsirkiyoyi rabin taki. Sa shi a gaɓa ta 2 ka kama siffofin D, G, A, Bm, abin da zai fito E, A, B, C#m ne. Ko ka sa shi a ta 4 ka kama C, F, G, Am, sakamakon ɗaya.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a bar siffofin G ɗin yadda suke a ƙara kafo, ana zaton zai taimaka. Kafo sama yake kai sauti: siffar G da kafo a gaɓa ta 2 A ce, shaƙewar sai ta ƙaru.

Tambaya: Na san kod ɗin waƙa duka, amma in na buga ba ta fitowa kamar waƙar. Ina tsayawa duk lokacin da zan canza kod.
Daga wata uwa mai koyo tare da ɗanta

Amsa: Hajiya, matsalar tana hannun da ke bugu. Kod ɗin da aka kama da ɗan kuskure amma a kan lokaci ya fi wanda aka kama tsaf bayan lokaci ya wuce, kuma mai sauraro yakan yafe na farkon, na biyun kuwa nan take zai ji shi.

Yawancin waƙoƙin da za ki fara da su 4/4 ne, bugu huɗu a kowane zagaye. Ki sauke manhajar mitironom, mai ƙirga bugu da ƙara, a waya ki sa ta a 60, wato bugu ɗaya kowane sakan. Ƙirga da baki: ɗaya da, biyu da, uku da, huɗu da. Hannu yana sauka a kan lamba, yana tasowa a kan “da”, kuma ba ya tsayawa ko kaɗan. Salon bugu yana fitowa ne daga inda aka taɓa tsirkiya da inda aka wuce ta a iska. Ga wanda aka fi amfani da shi: ƙasa a ɗaya, ƙasa a biyu, sama a “da”, a uku hannu ya sauka bai taɓa komai ba, sama a “da”, ƙasa a huɗu, sama a “da”. Wurin da ake rikicewa shi ne ukun nan. Hannu yakan so ya tsaya cak tunda ba shi da aiki, daga nan sai sama da ƙasa su juye.

Don canza kod, ki ɗaga yatsun hagu a “da” ɗin ƙarshe bayan huɗu, ki bar tsirkiyoyin su yi ƙara a sake na wannan ɗan lokacin. Ƙwararru haka suke yi, ba a ma ji. Abin da ake nema shi ne sabon kod ya sauka daidai a kan ɗaya. Idan kin yi zagaye takwas a jere babu tsayawa, ƙara gudun da 4 ko 5. Idan kuma waƙar ta ƙi zama a ƙirgen huɗu, gwada shida a rukuni biyu, da nauyi a kan ɗaya da huɗu. Wannan shi ne 6/8, kuma ya bambanta da 3/4 inda bugu uku ne da nauyi a kan na farko kawai. Ku riƙa yi da yaron bi da bi, ɗaya yana tafa bugun ɗaya yana kiɗa.

Tambaya: An koya mini tsanin sautuka biyar a gaɓa ta 5. Wani lokaci in na bi waƙa da shi yana daɗi, wani lokaci kamar muna faɗa da ita.
Daga wani matashi

Amsa: Ƙanena, abin da aka koya maka A maino ne: gaɓoɓi 5 da 8 a tsirkiya ta 6, 5 da 7 a ta 5 da ta 4 da ta 3, sai 5 da 8 a ta 2 da ta 1. Sautukansa A, C, D, E, G. An cire B da F, waɗanda su ke kawo rabin taki, shi ya sa da wuya ya yi karo da kod. Amma a gidansa kaɗai yake da wannan sauƙin, wato waƙar A maino ko ta C mejo, domin kowane mejo yana da maino da suke raba sautuka, gaɓa 3 a ƙasansa. In waƙa a G take, E maino kake bukata, siffar nan ka kai ta gaɓa ta 12. In a D take, B maino, gaɓa ta 7.

Don gane gidan waƙa, saurari ƙarshen amshi, ka riƙe sautin da ta huta a kansa da makogwaro, ka neme shi a tsirkiya ta 6. Sannan buga kod ɗinsa mejo da maino ka ji wanda ya zauna. Kuma ka rage gudu. Ɗauki sautuka uku kawai ka yi gajeriyar jimla da su, ka yi shiru, ka ba ta amsa, kana ƙarewa a kan sautin da ke cikin kod ɗin da ake bugawa a lokacin.

Tambaya: Manhajar saiti tana nuna tsirkiyoyina daidai, amma wasu kod ɗin suna fita a karkace.
Daga wani dattijo

Amsa: Baba, a duba abu uku. Na farko danni: in an danna da ƙarfi fiye da kima, ko yatsa ya ture tsirkiya gefe, sauti yana hawa kaɗan. A sa kan yatsa dab da bayan ƙarfen gaɓa, a danna daidai yadda zizar za ta ɗauke. Na biyu, a tabbatar manhajar tana kan 440, wato karkarwa sau 440 a sakan, ma'aunin A da aka fi bi a duniya, kuma kullum a sassauta tsirkiya a hau zuwa sautin daga ƙasa, domin wadda aka sauko da ita daga sama takan zame. Sababbin tsirkiyoyi ma sukan yi kwanaki suna miƙewa, tsofaffi masu tsatsa kuma ba sa riƙe saiti.

Na uku jitar ce kanta. A saita tsirkiya a sake, sannan a danna gaɓa ta 12 a duba manhajar. Harafin ya kamata ya zama ɗaya, allurar a tsakiya. In ta wuce sosai ko ta kasa, kuma an sa sababbin tsirkiyoyi abin bai canza ba, to mazaunin tsirkiya da ke kan cikin jitar ne ke bukatar gyara, ko kuma tsirkiyoyin sun yi nisa da wuya. A jitar lantarki akwai ƙananan kusoshi da ake juyawa don wannan, kowace tsirkiya da nata; a jitar da ba ta lantarki ba kuwa sai an kai wa mai gyara ya goge mazaunin ko ya sauya shi.